Takalmi Ɗaya

Garwa, bayan la'asar, wuta ta dawo.
Inna Dudu ta ce a sa faifan sunan Barira,
na shekara goma sha ɗaya baya,
lokacin Baba yana da rai, yana da tumbi,
yana jan motar auduga zuwa Gaundare.

Na hura wa faifan numfashi, na goge shi da gefen riga.
Hoto ya fito tas:
ga rumfa, ga rago ɗaure a gindin darbejiya,
ga Baba kan tabarma, hula ta karkace,
bakinsa yana motsi.
Motsi kawai.

Amfilifayar da Sanda ya aiko daga Duwala,
mai 'ya'ya biyar da uwa ɗaya mai kauri,
ba abin da take fitarwa sai tsuwa,
kamar an zuba ruwa a kaskon da ya yi ja.

Inna ta ce, "Bar shi haka. Addu'a yake yi.
Na san leɓensa."

Ban bari ba.
Na durƙusa bayan kabad da tocilar waya a baki.
Ramuka jere: ja, fari, rawaya,
ɗaya ruwan goro, shi kaɗai a gefe kamar baƙo,
wani kuma mai murfi, in ka buɗe
jan haske ya leƙo ka, idon mage cikin dare.
Na zare, na mayar, na zare.
Gwiwata ta fara ƙara, Baba bai fara ba.

Na kira Hamajoda mai gyara a babbar kasuwa.
Yana cin wani abu, babura suna wucewa ta bayansa.
Ya ce, "Wayarka ba ta da laifi.
Tsaba injin yake tura wa amfilifaya,
ita kuwa ba ta da haƙori, gari take sha.
Shiga saiti, ka nemi mafitar sauti,
ka ce masa ya niƙa kafin ya aika."
Kuɗin wayata ya ƙare a nan.

Rimot ya ƙi.
Na ciro batir, na ɗan cije shi, na mayar.
Allo ya yi shuɗi, Faransanci ya zubo,
ba irin wanda muke cinikin albasa da shi ba.
Ƙasa, ƙasa, dama. Na ɓata, na fito, na koma.
A layi na uku ga zaɓi biyu:
na sama an rubuta ɗanye, shi aka yi wa alama tun daga kanti,
na ƙasa haruffa uku ne kawai, Pe, Se, Em.
Ban san me suke nufi ba, har yau ban sani ba.
Na sauko. Na danna.

Tsuwa ta ɗauke.
Sai kukan rago, sai ƙarar cokali cikin kofin shayi,
sai tari, tarin nan da muke ji tun daga zaure,
sai murya ta cika ɗakin daga kusurwa biyar:

"Kai jama'a, wa ya ɗauke mini takalmi ɗaya?"

Inna ta rufe baki da mayafi.
Kafaɗunta suna rawa, ban gane dariya ce ko ɗayan ba.
Ta ce, "Ni ce.
A tulu na ɓoye shi, don kada ya gudu tasha
kafin a raɗa wa yarinya suna."

Barira tana tsaye bakin ƙofa da farantin wanke-wanke,
kumfa tana ɗiga daga hannunta.
Ta san hularsa, ta san hotonsa na bango,
wannan ce ba ta sani ba.
Ta ce, "Mayar da shi baya."

Na mayar.
Sau bakwai Baba ya nemi takalminsa
kafin a kira magariba.